Ƙwarin da suka bushe a gaban mota: jiƙa su ake yi, ba kankarewa ba

Tambayar ta fito ne daga wani direba da ke lodi tsakanin Haɗeja da Kano. Ya ce motarsa Sharon ce fara, yana tashi da asuba, yana komawa gida bayan magariba ta Ringim da Gujungu. Tun da damina ta sauka gaban motar ya cika da matattun ƙwari, a bamba da bonet da madubai da gilashi. Ya wanke da omo, ya sa yaro ya dirje da guntun buhu. Wasu sun fita, wasu sun ƙi, inda aka dirje kuma fentin ya dushe. Yana son sanin abin da zai fitar da su ba tare da fenti ya lalace ba, kuma ko gaskiya ne fetur da kalanzir suna cirewa.

Malam direba, Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema. Fentin mota da gyaran jikinta ne sana'ata, kuma duk damina ana kawo mana motoci da irin wannan ƙorafi. Idan na duba, yawanci ɓarnar da mai wanki ya yi ta fi wadda ƙwarin suka yi. Saboda haka kafin komai, a dakatar da dirzar nan daga yau. Kada buhu ko soson ƙarfe ko farce ya ƙara taɓa gaban motar.

Ƙwarin hanyarka sun fi na cikin gari yawa, kuma ba iri ɗaya ba ne. Daga Ringim har Haɗeja kogin Haɗeja da fadamunsa ba sa nisa da kai, ga gonakin shinkafa ruwa kwance. A irin wannan ruwa ne ƙananan ƙwarin nan masu kama da sauro, waɗanda ba sa cizo, suke ƙyanƙyashewa, su tashi gungu-gungu da faɗuwar rana. Direbobin Kura da Kadawa da Bunkure suna fama da su har da rani, saboda ruwan noman rani da ke gangarowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Sai shinge, da ke fitowa bayan ruwan farko mai ƙarfi ya sauka. Shi jikinsa maiƙo ne zalla, tabonsa kuma maiƙo-maiƙo yake. Idan kaka ta matso, fara ta karɓa, ita da buzuzu da sauran masu ɓawo mai tauri, kuma fara ce ke barin tabo rawaya ko ruwan ƙasa saboda ganyen da ke cikinta. A farar mota irin taka shi ya fi fitowa fili. Lokutan da kake kan hanya kuwa, asuba da bayan magariba, su ne daidai lokutan tashin mafi yawansu, ga fitila a kunne tana tara su a gabanka.

Idan ƙwaro ya bugi mota tana gudun kilomita 90 ko 100 fashewa yake yi. Ruwan jikinsa da maiƙonsa da abin da ya ci su shafe a kan fenti, ɓawon ya manne a kai. Ɓawon ba ya narkewa a ruwa, amma ba shi ne ke riƙe da fenti ba. Abin da ke riƙewa shi ne sinadarin furotin da ke cikin ruwan jikin. Ka duba ƙwai: yana ɗanye ruwa kaɗai ya isa ya wanke shi daga faranti, amma da ya ji wuta ya kama kasko, sai an jiƙa kafin ya saki. Farin ƙwai yana daskarewa ne da zafi ya ɗan haura digiri 60. Bonet ɗin motar da ta wuni a rana a tasha, ga zafin inji daga ƙasa, yana kusantar haka, na baƙar mota ma yana wuce 70. To ƙwarin da ka ɗebo da asuba, kafin layi ya zo kanka da azahar sun riga sun gasu a jikin motar.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Jikin ƙwaro yana da tsami, yana kuma ƙara tsami idan ya fara ruɓewa, sai ya riƙa cin fentin a hankali. Fentin kamfani hawa-hawa ne: shafen ƙasa mai hana tsatsa, sai launi, sai wani shafe na ƙarshe marar launi wanda shi ne ke ba mota sheƙi. Kaurin wannan na sama bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato wajen rabin kaurin takardar rubutu guda ɗaya. A lokacin zafi, kwana 1 zuwa 2 sun isa ƙwaro ya bar shaidarsa a cikinsa. Wannan siririn shafen ne kuma aka sa wa buhu. Zaren buhu kansa yana da kaifi, sannan yana kwasar ƙurar hanya, yashin da ke cikin ƙurarmu kuwa ya fi gilashi tauri, balle fenti. Dushewar da ka gani dubban ƙananan karce ne da ido ba ya iya rabewa.

Don haka tabon da ke gaban motarka kashi biyu ne, kuma sai ka raba su kafin ka san maganin kowanne. Akwai ƙwaron da har yanzu yana zaune a kan fenti, akwai kuma gurbin da ya ci ya bari bayan shi ya tafi. Bayan an wanke mota ta bushe, ka sa hannunka cikin farar leda marar kauri, ka shafa wurin a hankali. Idan ka ji tudu ko ƙaiƙayi-ƙaiƙayi, saura ne a sama, zai fita. Idan wurin sumul yake amma kana ganin zanen ƙwaron idan ka karkata kai ka duba da hasken rana, ya shiga ciki. Wannan ko kwana za a yi ana wankewa ba zai fita ba, aikin man gogewa ne, zan zo kansa. Mutane da yawa a nan suke rasa ido garin neman gira: suna ta dirzar wurin da babu komai a kansa.

Yanzu wankin kansa. Ka zaɓi safiya kafin rana ta yi ƙarfi, ko bayan la'asar sakaliya, ka kai motar inuwa. Ka ɗora bayan hannunka a bonet. Idan da zafi, a jira, domin sabulu a kan ƙarfe mai zafi bushewa yake yi kafin ya yi aiki, ya bar nasa tabon. Ka tanadi bokiti 2, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraya, da tsofaffin tawul masu laushi 2 ko 3, ko tsohon zanin auduga da ya sha wanki, da tsumma mai laushin nan na goge mota da ake sayarwa a bakin hanya da gidajen mai. Ruwan da ya fi duka shi ne ruwan sama da aka tara, kuma ga shi Allah ya hore a wannan lokaci. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana barin fari-fari idan ya bushe. Na kogi ko kududdufi kuwa akwai yashi a ciki, sai a bar shi ya kwanta a tsiyaye na sama.

Ka fara da kwarara ruwa zalla a gaban motar daga sama zuwa ƙasa, ba tare da hannu ya taɓa ba, har ƙurar ta sauka. Sannan ka tsoma tawul a ruwan sabulu mai ɗumi, ɗumin da hannu zai iya zama a ciki, kada ka matse, ka shimfiɗa su a kan bonet da madubai. Na bamba, tun da a tsaye take, ka ɗaga bonet ka sa bakin tawul ɗin ka mayar da bonet ɗin a hankali ya riƙe shi, sai ya sauko ya rufe ragar gaba da bamba. Ka bar su minti 10 zuwa 15. Idan ka ga suna neman bushewa ka ƙara zuba ruwan sabulu a kai. A nan ne ainihin aikin yake gudana, ko da yake ba ka yin komai. Ruwan yana ratsa ɓawon, yana kumbura furotin ɗin da ya ƙafe, sabulun kuma yana kama maiƙon.

Da ka ɗaga tawul, ka ɗauki tsumma mai laushi a jiƙe ka shafa daga sama zuwa ƙasa, layi ɗaya, ba zagaye-zagaye ba, kuma nauyin hannu kawai, babu dannawa. Bayan kowace shafa 2 ko 3 ka ɗauraye tsumman a bokiti na biyu, domin ɓawon da ya kwaso idan ya zauna a ciki shi ma karce zai yi. Abin da ya ƙi fita kada ka yi gardama da shi, ka mayar masa da tawul. Ƙwarin da suka yi makonni sukan buƙaci jiƙo sau 2 ko 3. Na san direban haya ba ya son abin da zai cinye masa minti 40, amma kuɗin fentin bonet da bamba ya fi lodin wuni guda nesa ba kusa ba.

Maganar sabulu. Wanda ya dace shi ne sabulun ruwa na wankin mota, ana samunsa a Ƙofar Ruwa da manyan gidajen mai, kuma murfi ɗaya ko biyu ya isa bokiti. Idan babu shi a ƙauye, sabulun wanke kan jarirai yana yi, ko ɗan ɗigon sabulun ruwa na wanke-wanke, shi wannan na biyu ba kullum ba, saboda yana cire kakin da ke kare fenti. Omo kuwa, ba zan ce maka ba ya cire ƙwari ba. Yana cirewa, shi ya sa masu wanki ke son sa, domin an haɗa shi ne don ya ci tabon abinci da gumi a tufafi. Amma ƙarfinsa ya yi wa fenti yawa, garin da bai narke ba yana karce, sannan yau da gobe yana sa baƙar roba ta yi fari-fari, fenti ya bushe ya daina sheƙi. Na ji wasu suna jiƙa kanwa ko toka. Kada ka yi. Akwai yashi a cikinsu, kuma suna ɓata alminiyon. Lemon tsami shi ma bai da amfani a nan, ƙara ƙafar da furotin yake yi.

Idan ka jiƙa sau 3 akwai sauran masu taurin kai, sai a koma ga maganin da aka yi don wannan aiki, wato na cire ƙwari da kwalta. Kamfanoni irin su Turtle Wax da Abro suna yin sa, na feshi ne, za ka same shi wurin masu sayar da kayan mota. Ka fara gwada shi a wani ɓoyayyen wuri, misali ƙasan bamba, ka ga ko zai taɓa launi. Sannan ka fesa a kan ƙarfe mai sanyi, ka jira iya mintunan da aka rubuta a jikin gwangwanin, yawanci ba su wuce 5 ba, ka shafe, ka bi da ruwan sabulu nan take. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada ya bushe a jikin mota. WD-40 da kanikawa ke fesa wa noti mai tsatsa shi ma yana tausasa tabon shinge, amma yana barin maiƙo, dole a wanke shi tas da sabulu, kuma kada ya je gilashi.

Ka tambayi kalanzir da fetur. Kalanzir yana narkar da maiƙo da kwalta, saboda haka a kan tabon shinge ko kwaltar da taya ta watso yana aiki. A kan furotin da ya gasu kuwa ƙarfinsa kaɗan ne, ruwa ya fi shi. Idan babu makawa, a ɗan ɗiga a tsumma, a taɓa wurin kaɗai, a wanke da sabulu kafin minti ɗaya ya cika, kuma a nisanta shi da fitila da baƙar roba da fentin da bai daɗe ba. Fetur ban yarda da shi ba ko kaɗan. Yana tausasa fentin da aka sake fesawa, yana busar da roba, sannan ga hatsarin wuta a gaban inji mai zafi, ko kusa da mai shayi da masu busa sigari a tasha. Bai kamata tabon ƙwaro ya sa mutum ya tsaya da fetur a hannu a irin wannan wuri ba. Tina kuwa, ruwan nan da masu fenti ke tsinka fenti da shi, aikinta ke nan narkar da fenti. Man birki kuma idan ya zauna a kan fenti ɗaye shi yake yi har ƙasa, don haka ko da kuskure ya zuba a wanke da ruwa mai yawa nan take.

Akwai wani abu da masu goge mota ke amfani da shi, wani ɗan curi mai laushi da ake kira yumɓun goge fenti. Ana murza shi ya yi faɗi, a jiƙa wurin da ruwan sabulu sosai, a riƙa zame shi a kai, sai ya tsince ƙananan saura da leda ta nuna maka. Yana da kyau idan ka samu. Idan ya faɗi ƙasa an gama da shi, a jefar, domin ya kwashi yashi.

Fitila tana son kulawa ta daban. Tsofaffin motoci irin Golf 3 murfin fitilarsu gilashi ne, amma yawancin waɗanda aka ƙera daga wajejen 2000 zuwa yau roba ce mai ƙarfi da aka yi wa siririn shafe don kada rana ta ƙona ta. Ka ƙwanƙwasa da farce, ƙarar za ta gaya maka. Idan roba ce, jiƙo da ruwan sabulu kawai. Fetur ko tina ko soso mai kaushi suna cinye shafen nan, bayan 'yan watanni fitilar ta koma rawaya, haskenta ya ragu, ko ta yi tsage-tsage ƙanana da ba su da gyara.

Gilashin gaba shi ne ya fi damuna a cikin tambayarka, fiye da fenti, domin kai da dare kake tafiya da rayukan mutane a bayanka. Gilashin da ƙwari suka shafe da maiƙo, da rana ba ka ganin laifinsa. Da dare kuwa, da tirela ta haska ka sai hasken ya watsu ko'ina, ka daina ganin gefen hanya, inda mai babur marar fitila da amalanke da shanu suke. Shi gilashi ya fi fenti juriya, saboda haka bayan jiƙo za ka iya sa sabuwar reza, gilashin yana jiƙe da ruwan sabulu, ka kwantar da ita kusan shafe, ka tura gaba kawai. Tsohuwar reza mai tsatsa ko ɓallewar baki karce take yi. Kuma a waje kaɗai, ban da ciki inda ake liƙa baƙar leda. Bayan haka ka goge da maganin wanke gilashi ko ɗan sifirit a tsumma mai tsabta don maiƙon ya tafi. Ka ɗaga waifa ka goge robarta da jiƙaƙƙen tsumma har baƙi ya daina fita, in ba haka ba duk abin da ka cire za ta mayar. Tankin ruwan waifa kada ya zauna babu ruwa a damina, kuma kada a zuba masa omo, yana toshe ƙofofin feshi. Kunna waifa a kan busasshen gilashi mai ƙwari shi ne ke jawo zanen nan mai lanƙwasa da ake gani a motocin haya, wanda ba ya goguwa. Idan gilashinka yana da 'yar tsaga, kada ka zuba masa ruwan zafi, kada kuma ka sheƙa masa ruwan sanyi yana tsakiyar rana, tsagar gudu za ta yi.

Akwai wurin da ba ka ambata ba, kuma ina roƙonka ka duba shi gobe da safe: bayan ragar gaba. Ka haska tocila ta ciki. Abin da za ka fara gani shi ne kwandensar na'urar sanyaya mota, lagireto yana bayanta. Ƙwarin da suka wuce raga a nan suke maƙalewa, ƙura da ƙaiƙayi su taru a kansu, iska ta daina ratsawa. Alamarsa ita ce allurar zafi ta riƙa hawa idan ka cika lodi ko ka shiga cunkoson Yankaba, sanyin cikin mota kuma ya ragu. Sau da yawa an canja fanka da famfon ruwa a banza, alhali toshewa ce kawai. A bari inji ya huce sarai, a jiƙa wurin da ruwan sabulu, sannan a bi da tiyo mai ruwa a hankali, in da hali daga ɓangaren inji zuwa waje, don dattin ya koma ta inda ya shigo. Siraran faifan alminiyon da ke jikinsu da ɗan yatsa ma lanƙwashewa suke yi, saboda haka kada a kusanto musu da injin feshi mai ƙarfi, kada a tsokane su da waya. Burushi mai laushi ya isa, a bi da shi yadda faifan suka jeru. A kiyaye ruwa daga altaneta da akwatin fis da bakin shaƙar iska. Wasu direbobi suna ɗaura ragar sauro a gaba. Niyyar mai kyau ce, amma idonta ya yi ƙanƙanta, tana toshewa da wuri ta hana iska. Ragar waya mai ido wajen rabin santimita ta fi, tana tare fara da buzuzu, a riƙa kakkaɓe ta.

Mu koma kan inda ya dushe da gurbin da ƙwari suka ci. Maganinsu man goge fenti ne, wanda ke ɗauke da wani gari mai laushi ƙwarai da ke rage saman shafen kaɗan har ya daidaita. Amma ka fara sanin irin fentin da ke motarka, domin yawancin motocin hayarmu an sake fesa su, wasu tun kafin su baro Kwatano. Ka ɗiga man a farin tsumma, ko mai duhu tun da motarka fara ce, ka murza a ɓoyayyen wuri. Idan launin motar ya biyo tsumman, fentin hawa ɗaya ne, babu shafen sheƙi a kansa. Irin wannan yana goguwa da sauƙi, amma yana ƙarewa da sauƙi, musamman a kan kusurwoyi inda fenti ya fi siranta. Ka fara da man da ya fi laushi, da hannu, wuri kamar faɗin tafi biyu, ka goge ka duba. Dushewar buhu yawanci tana dawowa da wannan. Idan an kai ga injin gogewa, a ba wanda ya iya, domin kowace gogewa tana cin 'yan maikiron daga cikin 40 ɗin nan, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Samfefa mai lamba 2000 ko 3000 da ruwa tana fitar da gurbi mai ɗan zurfi, amma wannan aikin mai fenti ne, ba na yaron tasha ba. Gurbin da farcenka ke maƙalewa a ciki ya wuce gogewa. Ra'ayina a kan motar haya shi ne, idan bai kai ga ƙarfe ba, a rufe shi da kaki a ci gaba da nema.

Kakin mota shi ne abin da zai sauƙaƙa maka sauran damina. Bayan ka wanke ka goge, ka shafa shi siriri a bonet da bamba da bayan madubai da goshin rufi, ka bar shi ya yi fari, ka goge da busasshen tsumma. Ƙwaro a kan kaki yake mannewa maimakon fenti, tsaminsa ma kakin yake fara ci. Motar gida duk wata 2 ko 3 ya isa, amma irin taka a damina da kaka ka sabunta na gaban duk wata. Kada ka musanya shi da man gyaɗa ko basilin ko dizal, kamar yadda wasu ke shafawa don mota ta yi ƙyalli. Ƙyallin na awa ɗaya ne, daga nan ƙurar hanya ta liƙe a kai, wanki na gaba kuma da ita za a dirji fentin.

Sai abin da ya fi duk waɗannan sauƙi. Ka ajiye galan na ruwa da tawul ɗaya a but. Idan ka iso gida da dare, ka yi sallah ka ci abinci, lokacin bonet ya huce, sai ka kwarara ruwa, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul na minti 5, ka shafe. Ƙwarin da ba su ga rana ba ko sabulu ba sa buƙata. Na asuba kuma ka yi musu haka da ka sauke fasinja a Kano, kafin hantsi ya ɗaga, ko da gilashi da fitila kaɗai ka samu yi. Idan yaro ne ke maka wanki, ka saya masa tsumma mai laushi da kanka, ka karɓe buhun daga hannunsa, ka tsaya ka nuna masa sau ɗaya. Ba laifinsa ba ne, abin da ya ga manya na yi ke nan. A wuraren fadama da magariba ka sauko zuwa 70 ko 80. Ƙwarin da ke fashewa a jikin motar za su ragu, wasu iska za ta ɗauke su ta sama, kuma lokacin ne dabbobi ke komawa gida.

Idan bayan gogewa ka ga dole sai an sake fesa bonet da bamba, kada ka yi yanzu. Sabon fenti yana ɗaukar makonni kafin ya gama ƙarfi, ba a shafa masa kaki sai bayan wata 1 zuwa 3 gwargwadon irin fentin, kuma a wannan tsakanin ƙwaro ya fi saurin cin sa. Ka bari fara ta ɗauke bayan an gama girbi, sannan ka nemi mai fentin da ke da rufaffen ɗakin feshi, domin a lokacin hazon hunturu ya fara sauka, fentin da aka fesa a fili kuwa ƙura yake kwasa tun bai bushe ba.